"AI SHI YA YARDA": SHIN YARDAR MAI YUNWA TANA WANKE MAI BIYAN LADA A GABAN ALLAH?



Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan mun idar da La'asar a nan Ba'awa, muna zaune a ƙofar masallaci sai ga wani yaro da ya yi karatu a wurina ya zo gaisuwa. Sabo ne ya sa na ce yaro, amma magidanci ne, da mata da 'ya'ya biyu. Tun da aka gama girbin masara ya hau mota a Kwanar Ɗangora ya tafi birni, Allah Ya taimake shi ya sami aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa. Da ya miƙo hannu mu gaisa sai na ga yatsu biyu a naɗe da tsumma. Narkakkiyar roba ce ta zubo masa.

Na tambaye shi nawa ake biyansu. Ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, dubu biyu ne a rana. Shida na safe zuwa shida na yamma, in kuma satin dare ne, shida na yamma zuwa shida na safe. Ran da ba ka je ba, babu. Ran da wuta ta ɗauke aka ce a koma gida, shi ma babu."

Na ce hannun fa? Ya ce an ba shi kuɗin magani sau ɗaya, aka ce in ya warke ya dawo, in akwai gurbi.

Akwai wani dattijo cikin masu hali na yankin nan da ke zaune tare da mu, mutumin kirki, mai yawan alheri ga masallaci. Sai ya ce, "Liman, Allah Ya ba shi lafiya. Amma fa a faɗi gaskiya, ba ɗaure shi aka yi aka kai shi ba. An gaya masa dubu biyu, ya ce ya yarda. In ba ya so, mutum ɗari na bakin ƙofa suna jira. Ina zaluncin?"

Ban ba shi amsa nan take ba, saboda rabin maganarsa gaskiya ce. A kan ɗaya rabin nake son mu yi magana yau, domin wannan jimla ta "ai shi ya yarda" ta zama garkuwar da kowa ke fakewa a bayanta, daga mai kamfani a Bompai har mai gonar shinkafa a Tudun Wada.

ME YA SA LAYIN BAKIN ƘOFA YA YI TSAWO?

Kafin a yi hukunci a kan abu, sai an san yadda yake. Iyayenmu da suka yi cin rani a shekarun 1970 da farkon 1980 sun tarar da Kano tana bin bayan Legas a yawan masana'antu. Bompai, Sharaɗa da Challawa cike suke da injuna. Akwai masaƙu irin su Bagauda ta Alhaji Isyaku Rabi'u da Gaskiya ta Alhaji Nababa Badamasi, ga kamfanonin fata, ga na man gyaɗa, ga na alawa. A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka sa mafi ƙarancin albashi naira 125 a wata. A lokacin naira ta fi dala daraja, don haka wannan kuɗi ya kai kimanin dala 200. Da shi dattawa da yawa a Kiru da Bebeji suka yi aure, suka sayi keke da rediyo, suka sa wa ɗaki kwano.

Daga 1986 aka shiga shirin tsuke bakin aljihu na SAP, naira ta soma zubewa, kayan gyaran inji da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an gani. Atamfa mai araha daga Chaina ta cika Kantin Kwari. Masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, a Kano da Kaduna. Yau in ka zaga Sharaɗa ko Bompai za ka ga gine-ginen da a da injuna ke ruri a cikinsu sun koma rumbunan ajiye kaya. Abin da ya fi motsi yanzu shi ne kamfanonin roba da leda da takalma da tabarmi, da na casar shinkafa, da na matsar mai, da ragowar na fata.

A takarda albashi ya yi ta hawa: naira 18,000 a 2011, naira 30,000 a 2019, naira 70,000 a watan Yulin 2024, gwamnatin Kano kuma ta sanar da naira 71,000 ga ma'aikatanta a watan Oktoban shekarar. Sai dai dubu saba'in ɗin nan, a canjin lokacin da aka sa mata hannu, ba ta kai dala 50 ba. Kun ga ke nan jika yana karɓar abin da bai kai rubu'in na kakansa ba, alhali lambar da ke kan takardarsa ta ninka ta kakan sau ɗaruruwa.

Ita ma dokar ba kowa ta rufe ba. Ta cire wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta cire masu aikin jinga da na kamasho, ta cire aikin da ke bin damina kamar noma. A manyan wurare kuma an samo dabara: kamfani ba ya ɗaukar lebura da kansa, ɗan kwangila ne ke kawo su, a biya shi, shi ya biya su bayan ya cire nasa. In wani abu ya sami lebura, kamfani ya ce ba ma'aikacinsa ba ne.

To ga wuraren aiki sun ragu, ga masu nema sun ƙaru. Duk shekara da an kai amfanin gona gida, samarinmu daga Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa sai su nufi birni, su haɗu da na Jigawa da na Katsina a layi ɗaya. Wannan shi ne "mutum ɗari na bakin ƙofa" da dattijon ya faɗa. Bai yi ƙarya ba.

Mu lissafa wa ɗalibina. Dubu biyu sau kwana 26 ya kama naira 52,000, in bai yi ciwo ba kuma wuta ba ta ɗauke ba. A ciki zai ci abinci ko da sau biyu a rana, zai ba da nasa kason na hayar ɗakin da suke kwana su biyar, zai hau adaidaita in ya makara. Abin da ke isowa Ba'awa hannun matarsa a ƙarshen wata, ku da kanku kun san ba zai riƙe gida mai mutum uku ba.

INDA MAGANAR ALHAJI TAKE DA ƘARFI

Ba zan ɓoye ba, shari'a ta gina ciniki da ijara a kan yarda. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna, ta halatta kasuwancin da aka yi bisa yardar ɓangarori biyu. Kuma a hadisin Anas (RA) da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, lokacin da kaya suka yi tsada a Madina mutane sun roƙi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade farashi, bai yi ba, ya nuna musu cewa hawa da saukar farashi a hannun Allah suke. Saboda haka in aka kai wa alƙali ƙarar cewa an yi jinga a kan dubu biyu, an yi aiki, an biya dubu biyu, ba zai ce ƙullin ya ɓaci ba. Ni ma ban ce ya ɓaci ba. Kuɗin da yaron nan ya karɓa halal ɗinsa ne.

Kuma masu masana'antu ba duka ne ke cikin daula ba. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin "A" daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kowane ma'auni, masana'antu da yawa kuwa a rukunin suke. In wutar ta ɗauke sai dizal. Mutumin da ya zuba dukiyarsa a inji ya ɗauki mutum ɗari biyu aiki, alhali yana iya sayen dala ya ɓoye ko ya sayi filaye ya kwanta, wallahi ya cancanci a yi masa addu'a. In muka zage su duka suka rufe, yaranmu ne za su dawo gida hannu rabbana.

INDA TA GAZA

Amma ingancin ƙulli a gaban alƙali daban, kuɓutar wuya a gaban Allah daban. Wannan bambanci malamanmu sun daɗe da yin sa.

A babin ciniki akwai mas'alar da ake kira "bai'ul muɗɗarr", wato cinikin wanda larura ta matsa wa. Imam Khaɗɗabi, a sharhinsa na Sunan Abu Dawuda, ya raba shi gida biyu. Na farko wanda aka tilasta da ƙarfi, wannan cinikinsa bai ƙullu ba. Na biyu wanda bashi ko talauci ya kai shi bango har ya sayar da abinsa a wulaƙance. Wannan ya ce cinikin ya ƙullu, amma addini da mutunci ba su yarda ka saya a hannunsa a haka ba, abin da ya dace shi ne ka taimake shi ko ka ranta masa har ya farfaɗo. To lebura me yake sayarwa? Ƙarfinsa da lokacinsa da lafiyarsa. Ba shi da wata haja. Kuma hajarsa ba ta ajiyuwa. Mai masara in farashi bai yi masa ba a kasuwar Tudun Wada, sai ya mayar da buhunsa rumbu ya jira wata uku. Lebura ba zai iya ajiye ƙarfin yau ya sayar jibi ba, cikin 'ya'yansa kuma ba ya jira. Wannan "na yarda" da ya faɗa a bakin ƙofa, yunwa ce ta faɗa da bakinsa.

In kuna son ku ga inda "ya yarda" ke kai mutane in babu tsoron Allah, ku tuna abin da ya faru a watan Yunin 2020, lokacin kullen korona. 'Yan sanda sun shiga wani kamfanin casar shinkafa a Challawa suka fito da ma'aikata sama da ɗari, waɗanda suka ce an hana su fita kusan wata uku. Rahotanni sun ce da farko alkawarin ƙarin kuɗi aka yi musu su zauna. Su ma ai sun "yarda" a ranar farko.

Sannan hadisin ƙin ƙayyade farashi bai rufe ƙofa ba. Ibnu Taimiyya a littafinsa na Hisba ya yi bayanin cewa in jama'a suka buƙaci aikin manoma ko masaƙa ko magina, hukuma tana iya tsayar da lada daidai da wanda ake biya a irin aikin bisa adalci, abin da fuƙaha'u ke kira "ujratul misli". Ba za a bar ma'aikata su tsawwala wa jama'a ba, ba kuma za a bar masu ba da aiki su tauye su ba. Ke nan shari'a ta san akwai lada na adalci wanda ba lallai ya zama shi ne mafi ƙanƙantar abin da mayunwaci zai karɓa ba.

Akwai ƙissar da nake so kowane mai biyan lada ya riƙe, tana cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik. Bayin Haɗib sun saci taguwar wani mutum daga ƙabilar Muzaina suka yanka suka ci. Aka kai wa Sayyidina Umar (RA). Har ya ba da umarnin a yanke musu hannu, sai ya juya kan ubangidansu, ya nuna masa yana ganin shi ke barinsu da yunwa. Ya tambayi mai taguwa kuɗinta, ya ce dirhami 400, Umar ya sa ubangidan ya biya 800. Ku duba da kyau. An kama ɓarayi dumu-dumu, amma idon Umar ya wuce su ya sauka a kan wanda ke cin ƙarfinsu bai ƙosar da su ba. Waɗannan fa bayi ne. To ina ga ɗa mai 'yanci, Musulmi ɗan'uwanka, da kuke tsayawa sahu ɗaya?

A hadisin Abu Zarr (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya kira waɗanda ke ƙarƙashin hannunmu 'yan'uwanmu, ya yi umarnin a ciyar da su irin abin da ake ci, a tufatar da su irin abin da ake sawa, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in an ɗora a taya su. Bukhari kuma ya ruwaito hadisin ƙudusi da ya lissafa mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar alƙiyama, na ukunsu shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aikinsa cif, bai ba shi ladansa ba. Duk wanda Allah ne abokin shari'arsa, wa zai tsaya masa?

MA'AUNIN DA NAKE GANI

Mu mutanen kasuwar hatsi ne, mun san mai mudu biyu: babba na saye, ƙarami na sayarwa. Shi ne Suratul Muɗaffifin ta buɗe da yi wa narko. Ni a fahimtata, wannan sura ita ce ma'aunin albashi. Kana auna awa goma sha biyu cif, wanda ya makara da minti goma ka cire masa rabin yini, wato mudunka na karɓa a cike yake har yana zuba. In an zo biya sai ka ɗauko ƙaramin mudu: ranar da inji ya tsaya ba laifinsa ba, babu, ya ji ciwo a kan injinka, babu, biyan ƙarshen wata sai goma ga wani watan.

Don haka tambayar da mai biyan lada zai yi wa kansa ba ita ce nawa zai karɓa in na matsa masa ba. Ya tambayi kansa: aikin nan nawa yake kawo mini, kuma abin da nake ba shi zai ci ya ƙoshi ya dawo gobe da ƙarfinsa, ya kuma ciyar da waɗanda Allah Ya ɗora masa? Wanda kamfaninsa da gaske ke tangal-tangal, ya tara ma'aikata ya gaya musu gaskiya, suka haƙura tare, wannan yana da uzuri, Allah Ya buɗa masa. Amma wanda duk shekara yake ƙara inji, yake canza mota, yake Umra sau biyu, ladan lebura kuma na nan inda yake tun kafin a cire tallafi, ba tsadar dizal ce ta hana shi ba. Tsawon layin bakin ƙofa ne ya ba shi dama, shi kuma ya ɗauka.

Ko dokar ƙasa ma ta yi magana. Dokar ƙwadago ta ce kada a wuce wata uku ba a bai wa ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa ba. Akwai kuma dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, domin wanda ya ji ciwo a bakin aiki. Musulmin da ya yi rajistar kamfani a ƙarƙashin waɗannan dokoki ya ɗauki alkawari, cika alkawari kuwa wajibi ne.

MU DAWO GIDA

Yana da sauƙi mu zauna a Ba'awa mu nuna Sharaɗa da yatsa. To mu fa?

Ɗan ƙwadagon da ya yini yana yankan shinkafa a fadamun Tudun Wada, ko yana karyar masara a Doguwa, ko yana ban ruwa a gonakin rani na gefen Tiga, sau nawa ake ce masa "dawo ranar kasuwa", ranar kasuwa ta zo a ce "kaya ba su yi kuɗi ba"? Alhali hadisin Ibnu Majah ya yi umarnin a biya shi tun jikinsa bai bushe daga gumi ba. Matan da ke ɓarar gyaɗa da sussukar masara, wa ya taɓa yin ciniki da su tsakani da Allah? Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye tana wanke-wanke a birni, wata nawa ake riƙe mata kuɗi? Almajirin da ke ɗebo ruwa da share tsakar gida a kan ragowar tuwo fa?

Ni ma da nake rubutun nan ban fita ba. Muna da Islamiyya, muna da malamai. Da na zauna na lissafa abin da muke ba su a wata, sai na ga bai kai na ɗalibina mai ƙonannen hannu ba. Kuma da me muke kare kanmu? "Ai aikin Allah ne, sun yarda." Jimlar Alhaji ce dai, mun ɗaura mata rawani. Na kai maganar gaban kwamitin makaranta, mun soma duba yadda za a ƙara, ko da sai mun jinkirta ginin ajin da muka yi niyya. Bulo zai jira.

GARE KU MA'AIKATA

Ku ma da naku. A ƙissar Annabi Musa (AS) a Madyana, cikin Suratul Ƙasas, siffa biyu aka yabi ɗan ƙwadago da su: ƙarfi da amana. Ƙarancin albashi bai halatta maka ɗauke kaya a aljihu ba, bai halatta barci a bakin inji ko sa hannu a madadin wanda bai zo ba. In ka karɓi aiki, yi shi da kyau. Ka nemi haƙƙinka ta ƙofa: ku haɗa kai, ku yi magana da baki ɗaya, ku tambayi sharuɗɗa tun ranar farko, nawa ne, awa nawa, in an ji ciwo wa zai biya, lokacin sallah fa. Neman haƙƙi ba rashin tawakkali ba ne. Kuma wanda yake da gona, kada ya sayar da ita don aikin da za a iya sallamarsa ranar Litinin da safe.

Bayan sallar Isha'i na sami Alhaji shi kaɗai, na ce, "Baba Alhaji, in Allah Ya jarrabe ka, ba fata ba, ka wayi gari babu ko ƙwayar hatsi a gida, wani ya zo ya taya gonarka ta bakin rafi rabin kuɗinta, ka sayar saboda yara na kuka, ka yarda ko ba ka yarda ba?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Na yarda, amma har in mutu ba zan yafe masa ba." Na ce to shi ke nan, Baba, amsar ke nan. Ya yi dariya ya ce Liman ka kama ni. Washegari ya aika wa yaron nan da kuɗin asibiti.

Yaron zai koma Sharaɗa da hannu ya warke, don babu wata ƙofar a yanzu. Zai sake tsayawa a layi, za a sake ce masa dubu biyu, zai sake cewa ya yarda. Wanda ke ɗaya gefen teburin shi nake tunatarwa, da ni, da ku: akwai ranar da za a sake auna wannan ciniki, kuma a ranar ba naira ake biya da ita ba, kyawawan ayyuka ne.

Allah Ya buɗa wa masu masana'antunmu, Ya sa tausayi a zukatansu. Allah Ya sa albarka a gumin leburorinmu, Ya tsare su daga haɗarin inji. Allah Ya raba wuyanmu da haƙƙin mutane kafin mu koma gare Shi.

Wallahu a'alam.